Jagorar Gano Asalin Kifin da Aka Kama da Alama a Jikinsa

Sanya wa kifi alama hanya ce da masana harkar ruwa suka daɗe suna bi domin sanin inda kifi ya fito, da nisan da ya yi tafiya, da girman da ya ƙara tsakanin ranar da aka sake shi da ranar da ya sake faɗawa hannun mutum. Abin da ake nufi da alama a nan shi ne duk wani abu da aka manna, ko aka soka, ko aka yanke a jikin kifi da gangan domin a gane shi daga baya, ko ɗan zaren roba ne mai lamba, ko ɗan guntun waya, ko yankan fiffike. Aikin yana tsakanin mutum biyu waɗanda galibi ba su taɓa ganin juna ba, wato wanda ya sa alamar da wanda ya kama kifin, kuma yawancin asarar da ake yi a hannun na biyun take faruwa, domin mai fatsa yakan fizge alamar ya jefar, ko ya ajiye ta ba tare da rubuta rana da wuri ba, ko kuma a kai kifin wurin banda, wuta ta narkar da robar kafin kowa ya duba. An tsara wannan jagora domin masu kamun kifi da fatsa a matsayin nishaɗi, da masu kiwon tarwada a Kurudu ta Abuja da maƙwabtanta irin su Jikwoyi, Orozo da Ƙarshi, da ɗaliban sashen kifi waɗanda za su fara aikin fili.

Inda tsarin ya fi kafuwa

Babu kifin da aka fi bin diddiginsa ta wannan hanya kamar salmon, wanda ba ya rayuwa a ruwan Najeriya saboda kifin ruwan sanyi ne, amma tsarin da aka gina a kansa shi ne makarantar da sauran ƙasashe suke koyi da ita. Ana ƙyanƙyasar salmon a cikin tsakuwar rafi, ya gangara teku ya yi shekara ɗaya ko fiye yana kiwo, sannan ya komo kogin da ya fito domin ya yi ƙwai, yana bin ƙamshin ruwan da ya sani tun yana ƙarami. Matsalar da wannan ya haifar ita ce, a cikin teku kifayen koguna daban-daban da ƙasashe daban-daban suna cuɗanya, don haka mai fatsa a gaɓar Alaska yana iya kama kifin da aka raina a Kanada ko a Kogin Kolombiya na Amurka, kuma ido ba ya bambance su. A 1873 Charles Atkins ya sa wa salmon alama a Kogin Penobscot na jihar Maine, a shekarun 1890 kuma masanin Denmak Johannes Petersen ya fito da alamar faifai biyu da ake haɗawa da waya ta cikin jikin kifi. Sauyi mafi girma ya zo a 1963, lokacin da Keith Jefferts da Peter Bergman da Hugh Fiscus suka bayyana alamar waya mai lamba, wadda daga baya ta zama ginshiƙin lissafin rabon kifi a ƙarƙashin yarjejeniyar salmon ta Tekun Fasifik da Amurka da Kanada suka sa wa hannu a 1985.

A ruwan da ya fi kusa da Najeriya, aiki mafi girma na irin wannan shi ne wanda hukumar ICCAT, mai kula da kifin tuna a Tekun Atlantika daga hedkwatarta a Madrid, ta fara a 2015, inda aka sa wa tuna kusan 120,000 alama, aka kuma dogara ga masunta da masu sauke kaya a tashoshin Dakar da Abijan da Tema wajen dawo da su. A cikin gida kuwa, binciken kifin ruwan daɗi yana hannun cibiyar NIFFR da ke Sabuwar Bussa a jihar Neja, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji na 1968 ta kuma karɓi sunanta na yanzu a 1987.

Ire-iren alama

Alamar da ido yake gani ita ce mafi sauƙi. Yawanci ɗan zaren roba ne mai launi, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, an soka shi a gindin fiffiken baya, ƙarshensa na ciki yana da ɗan maƙali da ke sarƙewa tsakanin ƙasusuwan da ke riƙe fiffiken, a jikinsa kuma an buga lamba da adireshi ko lambar waya. Kowane kifi da lambarsa.

Alamar waya mai lamba ba a ganinta ko kaɗan. Guntun baƙin ƙarfe ne marar tsatsa, tsawonsa milimita 1.1, kaurinsa milimita 0.25, an sa masa maganaɗisu, ana kuma cusa shi cikin guringuntsin hancin kifi tun yana ƙarami. Lambar da ke jikinsa ta rukuni ce, ma'ana dubban kifayen da aka raina a gidan ƙyanƙyasa ɗaya aka kuma sake su a wuri ɗaya suna ɗauke da lamba iri ɗaya. Domin mai kamawa ya san akwai wani abu a ciki, sai aka riƙa yanke ɗan fiffiken tsoka marar ƙashi da ke tsakanin fiffiken baya da wutsiya, wanda ba ya sake tsirowa idan an yanke shi daga gindi.

Alama ta uku ita ce ta lantarki da ake kira PIT, wadda 'yar kwalba ce ta gilashi kamar ƙwayar shinkafa, tsawonta yawanci milimita 12, babu batir a cikinta, sai an kusanto da na'urar karantawa sannan take fitar da lambarta. An girka irin waɗannan na'urori a madatsun ruwan Kogin Kolombiya, inda suke rubuta wucewar kowane kifi ba tare da an taɓa shi ba. Bayan waɗannan akwai alamar da ake yi a ƙashin kunne ta hanyar sauya zafin ruwa a gidan ƙyanƙyasa har a samu zobba masu tsari, da kuma gwajin ƙwayoyin gado wanda ke haɗa kifi da iyayensa, amma waɗannan biyun aikin ɗakin gwaji ne kacokan.

Kayan da ake buƙata

Fensir da ƙaramin littafi mai kauri, domin rubutun biro yana narkewa da ruwa da daskarewa, na fensir kuwa yana nan.
Rula ko allon awo mai milimita, wanda aka kafa wa katako a farkonsa domin a jingina hancin kifi.
Sikelin ratayewa ko na tebur.
Wayar hannu mai kyamara da manhajar nuna wuri.
Ƙananan ledoji masu rufewa, da ambulan na takarda.
Wuƙa mai kaifi, ƙaramin almakashi, da jiƙaƙƙen tsumma.
Gishiri ko ƙanƙara, da ƙaramar kwalba ta barasar magani mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari idan ana son ajiye tsokar gwaji.

Mataki na 1: Duba kifin kafin a taɓa shi da wuƙa

Ana kwantar da kifin a kan jiƙaƙƙen tsumma, a bi shi da ido daga hanci zuwa wutsiya a gefe biyu, a duba gindin fiffiken baya, da marfin mashaƙarsa, da haɓa, da ciki. Alamar da ta daɗe a ruwa takan lulluɓe da gansakuka har ta yi kama da ciyawa ko wata tsutsa da ta maƙale, kuma nan ne sabon shiga yake tsinke ta yana ganin yana tsabtace kifi. Tabo madaidaici a ciki, musamman mai alamar ɗinki, yana nuna wataƙila an saka na'ura a cikin cikin kifin, don haka sai a fasa shi a hankali a duba hanjin kafin a zubar. Idan an ga alama ɗaya a ci gaba da nema, domin masu bincike sukan sa wa wasu kifaye alama biyu da gangan, kuma yawan waɗanda suka dawo da guda ɗaya kawai shi ne yake nuna musu yawan alamun da ke faɗuwa a ruwa.

Batun fiffiken tsoka yana buƙatar taka-tsantsan a ruwan Najeriya. Kurungu da ragon ruwa da ramboshi suna da shi, na ramboshi ma babba ne, amma tarwada ba ta da shi tun asalin halitta, haka ma karfasa da giwan ruwa, don haka rashinsa a jikin waɗannan ba ya nufin komai. Ko a irin da ke da shi, yankan almakashi yana warkewa sumul, cizon wani kifi kuwa yana barin gefe mai kaca-kaca. Ana kuma kiyaye hannu daga ƙayar kurungu da ta tarwada, wadda takan kafe a tsaye idan kifi ya firgita, raunin da take yi kuma yana da zafi yana saurin ruruwa.

Mataki na 2: Karanta lamba da ɗaukar hoto

Ana goge gansakukar da farce ko da tsumma, ba a kankare ta da wuƙa, domin rubutun yana saman robar ne kuma kankara ɗaya tana iya tafiya da shi. A rubuta duk abin da ke jikin alamar, haruffa da lambobi da launi, sannan a juya ta a duba bayanta. Haruffan da ke gaban lamba su ne suke nuna hukumar da ta sa alamar, kuma wanda ya bar su ya kawo lamba tsirara ya kawo abin da zai iya dacewa da ayyuka da yawa a ƙasashe da yawa. Kurakuran karatu sanannu ne: 6 da 9 idan an riƙe alamar a kife, 3 da 8 idan ta goge, 1 da 7, sifiri da harafin O. Maganinsu shi ne mutum biyu su karanta kowa shi kaɗai, sannan a gwama. Ana ɗaukar hoto uku: kifin gaba ɗaya a kan rula, alamar a inda take a jikinsa, da alamar daga kusa yadda lambar za ta fito.

Mataki na 3: Rubuta rana da wuri

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne daraja, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Wanda ya sa alamar ya riga ya san inda kifin ya taso, abin da yake jira daga mai kamawa shi ne ƙarshen tafiyar, kuma alamar da ta zo ba rana ba wuri tana tabbatar masa da abu ɗaya kawai, wato kifin ya mutu. A rubuta sunan wata da haruffa, kamar 4 ga Mayu, domin Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, wanda ya rubuta 4/5 kuwa ana iya karanta masa 5 ga Afrilu. Wajen wuri, sunan ruwa kaɗai bai isa ba. Tafkin Kainji ya fi kilomita ɗari tsawo, don haka sai an ambaci ƙauyen masunta ko mashigar da ta fi kusa, idan da hali kuma a ajiye lambobin wurin daga wayar hannu tun ana bakin ruwa. A Tafkin Jabi ko Madatsar Usuma ana faɗin gefen da aka tsaya.

Akwai wani kuskure da ya fi yawa a Abuja, inda kifi yake bi ta hannu da yawa kafin ya isa tukunya. Kifin da aka saya a kasuwar kifi ta Kado ko a Karu ba a nan aka kama shi ba, kuma rubuta sunan kasuwa a gurbin wurin kamu yana sa a zana wa kifi tafiyar da a mota ya yi ta. Idan a kasuwa aka ga alamar sai a faɗi haka ƙarara, a tambayi mai sayarwa daga wane ruwa kayan suka zo da ranar da aka sauke su, a kuma rubuta cewa bayanin daga bakin dillali ne. Ana ƙara irin kayan kamun da aka yi amfani da shi, ko fatsa, ko birgi, ko taru, domin kowanne yana zaɓar girman kifin da yake kamawa.

Mataki na 4: Awo

Ana jingina hancin kifi a katakon allo, baki a rufe, jiki a miƙe, a karanta tsawo da milimita. Awon tsawo iri-iri ne, kuma dole a faɗi wanda aka yi: ga salmon ana aunawa zuwa tsagar wutsiya, ga tarwada mai wutsiya zagayayya ana aunawa zuwa ƙarshenta. Tef ɗin tela da aka bi lanƙwasar jiki da shi yana ƙara tsawo, kuma ƙiyasin ido ya fi komai ɓarna, saboda idan aka debe tsawon ranar saki daga tsawon da aka ƙiyasta sai a samu girman da kifin bai yi ba, wani lokaci ma lissafi ya nuna ya ragu. A auna nauyi kafin a fasa ciki, idan kuma an riga an fasa sai a rubuta haka. Lokacin fasawa ne ake duba ko namiji ne ko mace.

Mataki na 5: Saki ko ajiyewa

Idan za a mayar da kifin ruwa, ana barin alamar a inda take. Kifin da aka kama sau biyu ko uku yana ba da bayani fiye da wanda aka kama sau ɗaya, fizge alamar kuma yana yaga tsoka ya bar rauni a buɗe. Ana riƙe shi da jiƙaƙƙen hannu domin kada yauƙin da ke kare fatarsa ya goge, a mayar da shi da wuri.

Idan za a ci, ana yanke tsokar da ke kewaye da alamar a fitar da ita ɗungurungum, a sa a leda tare da takardar fensir mai ɗauke da dukkan bayanan mataki na 2 zuwa na 4. Takardar tana shiga cikin ledar, domin wadda aka manna a waje takan ɓalle a firiza. Ga salmon mai yankakken fiffike kan ne ake buƙata gaba ɗaya, a yanke shi a bayan marfin mashaƙa, kuma a Kanada hukumar kifi ta ƙasa tana da wuraren da masu fatsa suke ajiye kawunan da takardunsu. Kai ɗaya, leda ɗaya, takarda ɗaya: haɗa kawuna biyu a leda guda yana lalata bayanin duka biyun. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, gishiri mai yawa yana riƙe kai har a kai shi. Ɓawon kifi, wanda ake karanta shekaru a jikinsa, ana busar da shi a ambulan na takarda, domin leda tana sa shi fumfuna. Tarwada ba ta da ɓawo, don haka ƙayar fiffiken ƙirjinta ake cirewa daga gindi a busar. Kafin a dafa a karanta alamar da kyau, domin akwai ayyukan da ake yi wa kifi allurar magani, kuma sukan buga gargaɗi a kai. Kwalbar PIT gilashi ce, sai an tabbatar an fitar da ita kafin naman ya shiga miya.

Mataki na 6: Kai rahoto

Adireshi ko lambar wayar da ke jikin alamar ita ce hanya ta farko, domin littafin da aka rubuta tarihin wannan lambar yana wurin wanda ya buga ta ne kaɗai. Idan rubutun ya goge, mazaunin Kurudu yana iya tuntuɓar sashen kifi na sakatariyar aikin gona ta Babban Birnin Tarayya, ko cibiyar Sabuwar Bussa, ko malaman sashen a Jami'ar Abuja, a garuruwan masunta kuwa Sarkin Ruwa ne ya fi sanin baƙin da suka yi aiki a ruwansa. Ana fara aika hoto da bayani, a riƙe alamar har sai an nemi a kawo ta, kuma a ajiye kwafin komai. Wasu ayyukan suna ba da tukuici na kuɗi ko riga ko hula, abin da ya jawo wata ɓarna ta daban, wato mutum ya tara alamu daga hannun wasu ya ƙirƙira musu rana da wuri. Gurbin da aka bari babu komai mai bincike ya san yadda zai yi da shi, amma ƙagaggen bayani yana shiga lissafi a matsayin gaskiya.

A rafukan da ke kewayen Kurudu, tarwadar da aka kama da alama bayan ruwan Agusta da Satumba ta fi yiwuwa ta tsere ne daga tafkin wani makiyayi da ambaliya ta cika, don haka tambayar masu gidajen ƙyanƙyasa na kusa ta fi saurin kawo amsa.

Mataki na 7: Abin da ke faruwa a ɗakin gwaji

Idan kan salmon ya iso, ana narkar da ƙanƙararsa a wuce da shi ta na'urar da ke jin maganaɗisu. Idan ta yi ƙara sai a raba hancin gida biyu, a gwada kowane ɓangare, a ajiye wanda bai yi ƙara ba, a sake raba ɗayan, haka har tsokar ta zama ƙanƙanuwa a tsinci wayar da sandar maganaɗisu. Ana wanke ta a karanta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, galibi kuma mutum na biyu yana maimaita karatun. A da ana sassaƙa lambar da ɗige-ɗige, yanzu kuwa ana ƙona ta da hasken lesa a matsayin alƙaluma. Daga nan ana neman lambar a rumbun bayanai na bai-ɗaya da ke birnin Portland a jihar Oregon, wanda hukumomin Amurka da Kanada suke zuba bayanansu a ciki, sai ya fito da irin kifin, da gidan ƙyanƙyasar, da shekarar da aka haifi rukunin, da wurin saki da ranarsa, da adadin da aka saka.

Mataki na 8: Fassara sakamako

A nan ne masu ilimi ma suke zamewa. Alama tana faɗin inda aka saki kifi da inda aka kama shi, hanyar da ya bi tsakanin wuraren biyu kuwa ba ta cikin bayanin, don haka layin da aka ja a taswira mafi ƙarancin nisa ne kawai. Wurin saki ma yana iya bambanta da asalin jini, domin ana ɗaukar ƙwai daga wani kogi a raina a wani wuri a saki a na uku. Kuma wani kaso na salmon yakan ɓace ya shiga kogin da ba nasa ba, abin da alamun nan ne suka fi nuna shi a fili.

Yankan fiffike shi ma ya sauya ma'ana. Tun daga shekarun 1990 wasu jihohin Amurka suka fara yanke shi ga kusan dukkan kifin gidajen ƙyanƙyasa domin mai fatsa ya bambance na gida da na daji, saboda haka yanzu yankakken fiffike yana nufin kifin rainon gida ne, ko da waya a hancinsa ko babu, sai na'ura ta tantance.

Sannan alama ɗaya tana wakiltar kifaye da yawa. A misalin lissafi, idan an saki 100,000 amma 25,000 ne masu waya, kowace waya tana tsaye a madadin kifi 4. Idan kuma kashi 20 cikin ɗari na kamun aka duba, wanda shi ne mizanin da ake nema a gaɓar Fasifik, sai a ninka da 5, don haka waya ɗaya tana nufin kimanin kifi 20 na wannan rukuni a cikin kamun. Haka lissafin Petersen yake wajen ƙiyasta yawan kifi a rufaffen ruwa: idan an sa wa 200 alama an saka, daga baya aka kama 150 aka samu 10 masu alama, sai a ninka 200 da 150 a raba da 10, a samu 3,000. Idan masunta sun jefar da rabin alamun aka ga 5 kawai, amsar za ta zama 6,000, a ɗauka ruwan yana da ninkin abin da ke cikinsa, a kuma ba da damar kamun da ba zai iya ɗauka ba. Lissafin yana aiki ne kawai idan masu alamar sun gauraya da sauran, ba su mutu fiye da su ba, alamun kuma ba su faɗi ba.

Ga makiyayin da ke son sa wa iyayen kifinsa alama

Masu ƙyanƙyasar tarwada a tankunan siminti da na tamfol sukan sayi iyayen kifi daga juna ba tare da wani rubutu ba, har a wayi gari ana haɗa 'yan'uwan ciki ɗaya, abin da ke kawo 'ya'ya masu rauni da jinkirin girma. Alamar PIT ta fi dacewa da wannan aiki, domin zaren roba yana maƙalewa a taru, sauran kifayen kuma suna cizonsa. Ana hana kifin abinci kwana ɗaya, a kwantar da shi a ruwa mai ɗan man kanumfari da aka fara narkarwa a barasar magani, bayan an gwada ƙarfin haɗin a kan kifi ɗaya, a tsoma allura da alamar a barasar kafin kowane kifi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce nauyin alama kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin kifi. Dangin tarwada an san su da fitar da na'urar da aka saka musu a cikin ciki ta hanyar hanji, an kuma ga haka a ramboshi, shi ya sa tsokar baya kusa da kai ta fi aminci, muddin za a tuna a cire kwalbar ranar yanka. Ana karanta lambar kafin sokawa da bayan sokawa, a sake karantawa bayan mako biyu. Sakin kifi mai alama a ruwan jama'a sai da izinin hukuma, musamman Madatsar Usuma wadda Abuja take sha.

Littafin rajista yana ɗauke da lamba, jinsi, inda aka sayo, ranar sayowa, nauyi, da wanda aka haɗa da wa a kowace ƙyanƙyasa, kuma ana ajiye kwafi na biyu nesa da bakin tanki. Tun da yake ana yanka namijin tarwada ne kafin a samu maniyyinsa, sai a karanta lambarsa kafin yankan, a rubuta ta a gaban lambar macen, a yanki ɗan fiffike a sa a barasa idan ana tunanin gwajin gado nan gaba. Kwalbar da aka ciro daga jikinsa ana iya tsabtace ta a sake amfani da ita, amma sai an rufe shafinsa da kwanan wata an buɗe sabon shafi ga kifin da zai gaje ta, in ba haka ba lamba ɗaya za ta tsaya wa kifi biyu a littafi guda.